Likkafani Mai Launin Shayi

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi, a shago

Yadin ya iso. Wani Bature mai gajeren wando a wannan sanyin ya sauke min shi a bakin ƙofa, bandir-bandir na farin alawayyo, sai da na matsar da keken ɗinki na biyu kafin ya samu wurin zama. Yanzu duk inda na juya fari nake gani. Wata mai ɗinkin biki ta shigo karɓar leshinta, ta ce, "Maman Amal, yunifom za ki yi wa makaranta?" Na ce eh. To me zan ce mata?

Likkafani ne. Na fim, ba na gaske ba. 'Yata Amal ce ta kawo min aikin tun watan Agusta. Tarihi ta karanta a jami'a, tarihin ma na Ingila na shekaru ɗari shida, ɗari bakwai baya, abin da ni da babanta muka kasa gane amfaninsa. Sai ga shi ta samu aiki a Brooklyn wurin masu shirya wasan talabijin, ɓangaren tufafi. Labarin wata annoba suke yi, wadda ta faɗa wa Turawan Ingila a zamanin da ta kwashe mutane gari-gari, suna neman abin naɗe gawarwakin ƙarya masu yawa. Ta ce wa shugabarta uwarta tela ce a Harlem, ba ta saɓa rana. Ƙarya ta yi mata, ina saɓawa, amma na ji daɗi.

Ranar da ta zo da maganar muna zaune mu uku a falo, babanta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Tela, kin ci gaba! Kin koma ɗinka wa matattu, su ba sa cewa hannu ya matse." Tela yake kirana tun yana yaron motar goro daga Kumasi, yana kawo ɗinki gidanmu a Fagge ba don rigarsa ta yage ba. Da dariyar ta lafa sai ya ce, "Nawa ma ke za ki ɗinka. Tunda na aure ki ban taɓa zuwa masallaci da rigar kanti ba, ba ranar tafiya zan fara ba. Kada ki bari su naɗe ni a na cikin leda." Na jefe shi da ƙwaryar zare. Na ce na ji, na yi alkawari, tashi ka fita fasinja na jira.

Na biya asibiti wurin Baban Amal da safe kafin in buɗe shago. Yana nan yadda na bar shi jiya.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Yau sati guda da kwantar da shi a asibiti. Ɗan Senegal ɗin da suke karɓa-karɓar tasi ya kawo min hularsa da carbinsa, wai a ƙarƙashin kujera ya tsince su.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana, asibiti, hawa na shida

Nas ɗin nan 'yar Jamaika, mai kirki, ta ce mu riƙa yi masa magana, wai masu dogon suma suna ji. Na yi masa ta gida, na yi masa ta shago, magana ta ƙare. Shekara da shekaru ina cewa ya yi shiru in ji da kaina, yau ni ce ke lalube ina neman abin faɗa. Amal ta ciro wayarta ta kunna masa wasansa, ta jingina ta da matashi.

Wasansa! Allah ya sani na tsani wasan nan. Sarakunan Ingila ne na da, 'yan uwan juna, gida biyu, ɗaya tambarinsa farin fure, ɗaya ja, suna ta yanka juna a kan kujera guda. Kullum ruwan sama, kullum taɓo, kowa fuska ba wanki, sai raɗa a lungu da hasken kyandir. Shi kuwa in ya dawo aiki, ko takalmi bai gama cirewa ba zai ce a kunna. Ya ɗauki 'yan farin fure kamar ƙungiyar ƙwallo. "Tela, zo ki ga munafuki! Wallahi irin rigimar sarautar can arewanmu ce, kaka ɗaya gida biyu, sai dai su dokinsu ma rigar ƙarfe yake sawa."

Amal kuma ta ɗare hannun kujera tana ƙorafi da Turanci. Wannan ba a yi shi ba. Wancan ya mutu tun kafin a haifi wannan. Mutanen ba haka suke da dauɗa ba, suna wanka, suna son ja da shuɗi da kore kamar matan Zangon Kumasi ranar suna. Shi kuma ya amsa mata da Hausa, "Kina wurin?" Ta ce littafi ne ya faɗa. Ya ce, "Mai littafin yana wurin?" Haka suke kullum, ni ina kicin ina tsaki.

Abu ɗaya ya gindaya mata: kada ta kuskura ta gaya masa wanda ya ci a ƙarshe. Yaƙin da aka gama shekaru ɗari biyar da suka wuce, yana rubuce a kowane littafi a ɗakinta, amma babban mutum da furfura sai ya toshe kunne da yatsu. Kashi ɗaya ya rage masa ranar da ya fita aiki.

Yau na baya-baya ta saka masa. Da ya ƙare ta dube ni, yatsanta a kan na ƙarshen. Na ce a'a. Wannan da idonsa zai kalla, a kan kujerarsa.

Kamar ɗan yatsansa ya motsa da aka busa ƙaho. Amal ta ce ita ba ta gani ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan Azahar, a shago

Na kulle ƙofa na fara. Ban san yadda aka yi ba. Na ɗauki almakashi na ɗan tsaga bakin yadin, sai na ajiye shi na ja da hannu, kyaaat, har ƙasa. Haka Kaka take yi a Fagge in an yi rasuwar mace a unguwa aka kawo mata. Ba ta yarda da keke, da allura take yi, kuma ba ta ƙulla zare, ba a farko ba, ba a ƙarshe ba. Na taɓa tambayarta dalili ina yarinya, ta ce in rufe mata baki in miƙo zare. Har yau ban san dalilin ba.

Sai da wayata ta kira salla na ɗago kai na ga abin da na yi. Keke yana nan ban taɓa shi ba. Na yi riga, na yi zane, na yi mayafi, har da ɗan ƙyallen rawani, na ninke su saiti-saiti, bakina yana ta salati ban ma sani ba. Na Turawan ƙarya fa, waɗanda za su tashi su ci burodi da an ce a tsaya! Sannan na lura ban ɗauko tef ba. Da hannu na auna, kuma awon namiji ɗaya ne a hannuna.

Na fita na tsaya a bakin titi. Mai sayar da turare da man kaɗanya ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce iska nake sha. Na tsorata ƙwarai.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Yaya Tahiratu, yayarsa, ta zo tun daga Tompkinsville. Jirgin ruwa, jirgin ƙasa, ga ciwon gwiwa, ga kular waakye, shinkafa da wake irin nasu na Kumasi, a hannu. Daga asibiti ta biyo shago. Ta zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki tana maida numfashi, sai idonta ya sauka a kan yadin. Ta kama gefensa ta murza tsakanin yatsu.

Ta ce, "Matarmu, yadin nan mai kyau ne."

Na ce na mutane ne.

Ta ce ta sani, Amal ta gaya mata. Ta sake murza yadin. Can ta ce, "Ki ware ɗaya."

Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da zura zare.

"Ki ware ɗaya ki ajiye. Ajiyewa ba kira ba ne, matarmu. Ni ma ya gaya min alkawarin da kuka yi da shi."

Na ce, "Yaya, ƙaninki yana numfashi. Jiya da hannuna na gyara masa gemu."

Ta faɗi wata magana game da injin numfashin da ke gefen gadonsa. Ba zan rubuta ta ba.

Ban taɓa ɗaga mata murya ba tunda na shigo danginsu, yau na ɗaga. Na ce ta kwashe abincinta, ba a shagona za a yi wa mai rai wannan lissafin ba. Ta gyara mayafi ta fita tana ɗingishi, ta bar kular. Na cinye shi tas a tsaye, ina jin haushinta ina jin haushin kaina. Ba wanda ya iya shito, soyayyen yajin nan nasu, irin nata.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Yana nan yadda na bar shi. Na gaji.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan Magariba, a gida

Amal ta dawo min da samfurin da ta kai. Shugabarta ta yaba hannun, amma wai ya yi kyau da yawa. Ka ji fa! Ban taɓa jin an dawo wa tela da ɗinki don ya yi kyau ba sai a ƙasar nan.

Ta ɗauko wani ƙaton littafi ta buɗe min zane. Ashe su ba riga ba zane, ƙyalle ɗaya ne babba, a naɗe mutum, a ɗaure saman kai a ɗaure ƙasan ƙafa, kamar alewa a takarda. Ta ce talakansu na wancan zamanin sau da yawa ba akwati, daga yadi sai ƙasa. Na ce ashe da ba su yi nisa da mu ba. Na kalli zanen na daɗe. Wani ne dai ya zauna ya ɗaure wa nasa kai, ko a wace ƙasa ce.

Wannan ba matsala, ya ma fi sauƙi. Abin da ya tsaya min shi ne sauran. Wai a tsoma su a baƙin shayi su yi launin tsufa, a goga musu ƙasa, a yayyaga gefe. Na ce, "Wa ya taɓa naɗe uwarsa a tsumma?"

Ta yi ajiyar zuciya irin ta ubanta. Ta ce ta yi musu har ta gaji. Ta ce a London an tono wata maƙabartar mutanen annobar, aka same su a jere, kowa an kwantar da shi a tsanake, har yara an saka su a tsakanin manya. A lokacin da ake mutuwa ba a gama haƙa wani rami ba an kawo wasu, duk da haka ba su watsar da nasu ba. Amma a wasan daga amalanke za a juye su kamar shara. Shugabar ta ce masu kallo in ba su ga dauɗa ba, ba za su yarda zamanin da ne ba.

Na ce, "Ai gaskiyarta. Babanki ma in ba taɓo bai yarda Ingila ce ba." Muka yi dariya, sannan kowa ta kama gabanta.

Na warware saitin da na yi da hannu. Ba wuya, tunda ba ƙulli, ja ɗaya zaren ya biyo ni.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da azahar

Ba canji. Jirgin ƙasa ya tsaya da mu a cikin rami ya daɗe, mutane na ta zage-zage. Ni ko haushi ban ji ba, na samu wurin da ba wanda zai tambaye ni ya mai jiki.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Sun kira mu wani ƙaramin ɗaki mai kujeru masu laushi da kwalin tishu a tsakiyar tebur. Da ganin kwalin na san ɗakin na mene ne. Ni da Amal da Yaya. Ba mu gaisa sosai ba ni da Yaya, amma ta matsa min wuri kusa da ita.

Likitar yarinya ce, ba ta fi Amal da yawa ba. Sai cewa take Mista Saani kaza, Mista Saani kaza. Sunan da ni ban taɓa kira da bakina ba, ga shi a bakin kowa a hawa na shida, har a jikin allo da alƙalami mai gogewa. Sun haɗa ni da tafinta ta waya, mutumin Damagaram ne daga jin Hausarsa. Da likitar ta gama ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, abin da dokta ta ce," sai ya yi shiru. Ina jin numfashinsa. Na ce masa na ji Turancin, kada ya wahalar da kansa, Allah ya saka.

Sun ce mu je mu yi tunani a kan cire masa injin, ba gaggawa. Na ce to.

Na koma shago na ɗinka har wuyana ya ƙage. Da keke wannan karon.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma, a gida

Na sauko da tukunyar da muke dafa shinkafar Sallah. Na sayi ganyen shayi kwali-kwali a kantin ɗan Yaman, har yana tambaya ko biki za a yi. Na tafasa, na juye a bahon wanka, na yi ta tsoma yadi ina juyawa da muciya. Gidan duk warin shayi, hannuna ya koma kalar goro har gwiwa. Amal ta ɗauki hutun rabin rana, ita ke kwaso kayan daga shago tana hawo da su.

Da muka gama na mutane, sai ya rage bandir guda da ba a taɓa ba. Amal ta ce da Turanci, "Mama, wannan rara ne, ba sa buƙatarsa."

Na ce kawo.

Ta ce, "Mama."

Na ce, "Kawo nan, ko sai na taso?"

Ta shiga ɗaki ta daɗe, wai tana cire leda, ni ina nan famfo na zuba. Ta fito da shi a warware ta miƙo min ba ta kalle ni ba. Na danna shi cikin bahon har sai da farin ya ɓace. Bai ma cika bahon kamar sauran ba, na ce ashe Turawa ma sun iya tauye awo.

Yanzu babu farin alawayyo ko taƙi ɗaya, ba a gida ba, ba a shago ba. Yaya ta zo ta ware mu gani. Na san abin da na yi, na kuma san dalili, ba sai an gaya min ba. In babu shi a gidan, ba abin da zai zo nemansa.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Sun zo sun kwashe kayansu. Shago ya yi fili. Yana nan yadda na bar shi.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan Magariba

Amal ta matsa sai na je na ga inda ake aikin, wai in fita daga tsakanin shago da asibiti ko na rabin yini. Na je don ta ƙyale ni.

Wani ƙaton sito ne a bakin ruwa a Brooklyn. A ciki sun gina ƙauyen Ingila sukutum, gidaje da rufin ciyawa, amma gaba ne kawai, in ka leƙa baya katako ne da wayoyin wuta. Taɓon ma a bokiti ake kawo shi. Akwai wata yarinya aikinta ke nan, shafa wa mutane dauɗa a fuska da soso, kuma wai har karatun abin ta yi. Ga matattuna zaune a benci, an naɗe su zuwa ƙirji, suna cin burodi suna latsa waya. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ina ma Baban Amal ya ga Ingilarsa ta baya.

Sai aka ce su kwanta. Aka ɗaure musu kai da ƙafa, aka zube su a bakin wani rami, wannan kan wancan. Aka kunna injin hayaƙi. Aka ce kowa ya yi shiru.

Akwai wani a gefe, dogo, mai faɗin kafaɗa. Ƙafarsa ɗaya ta fito waje, ba takalmi, tafin ya yi fari don sanyi. Wallahi ban san lokacin da na tsallake wayoyin nan ba. Na dai gan ni a durƙushe cikin taɓonsu, na ja yadin na rufe ƙafar, na soke shi ta ƙasa, na tallafi kafaɗar na juya shi ɓangaren dama. Wani ya daka tsawa, fitilu suka ƙaru. Sai gawar ta ce da Turanci daga cikin yadi, "Na gode, baiwar Allah, dama sanyi nake ji." Wurin ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, na kasa tashi.

Ashe da gangan aka fito da ƙafar, mai ba da umarni ne yake son ta haka. Amal ta zo ta kama ni ta gwiwar hannu, tana ba wannan haƙuri tana ba wancan. Na ji kunya, na ce na jawo wa yarinya a wurin aikinta. Na jira faɗa a jirgi, ba ta yi ba. Ta ɗora kanta a kafaɗata, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Muna gab da sauka na tambaye ta ko sun bar ƙafar a rufe. Ta ce a'a, sun sake fito da ita.

Laraba, 29 ga Oktoba, da hantsi

Na buɗe shago na zauna. Ban ɗinka komai ba. Na kira Yaya na ce ta zo gobe. Ta ce, "To, matarmu," ba ta ƙara ko kalma ba, Allah ya saka mata.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma, hawa na shida

Malam Abdul-Razak, limamin masallacinmu, ya zo ya yi addu'a ya fita. Na gyara masa gemu, na shafa masa turarensa na Juma'a. Na ce da Amal, "Saka masa na ƙarshen."

Ta dube ni.

Na ce, "Saka."

Muka kalla a 'yar wayar, ni da ita da Yaya, kawunanmu a haɗe a kan matashinsa. Taɓo, dawakai, ƙaho. Nasa ba su ci ba. Aka kashe sarkin farin fure a fili, aka tuɓe shi, aka rataya shi a bayan doki kamar buhu. Na jira Amal ta ce ƙarya ne. Ta ce a hankali, wannan kam haka littafi ma ya faɗa. Na ce ko ƙyalle ba su rufa masa ba? Ta ce da aka tono shi a zamaninmu ba a ga alamar likkafani ba. Sarki guda.

Na sunkuya na ce masa a kunne, "Naka sun faɗi, Baban Amal. Ka ga ba abin da ya wuce ka."

Na fita na samu nas ɗin, na ce ta gaya wa likita mun gama tunani.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan Asuba

Takardu suka cinye yinin jiya, aka ce jana'iza sai yau da safe. Malam ya ce kada in damu da komai, gidan da ke shirya mamatanmu suna da nasu a ajiye, sabo fil a leda. Na ce to. Da ya fita kalmar ta dawo min, leda.

Mata sun cika gida. Yaya ta ce takaba ta hau ni, ba fita. Na ce abu ɗaya zan ɗauko, ta kalle ni ta kau da kai. Magariba ta yi, titin 125 cike da yara, ranar bikinsu ce ta shigar fatalwa, wasu sun lulluɓa da farin zanen gado an huda musu ido. Na bi ta tsakiyarsu kamar mahaukaciya ina kallon zanen. Kantunan yadi na cikin gari sun rufe, kafin su buɗe an wuce da shi.

Na birkice shagon nan kaf. Shaddar mutane, leshi, atamfa, ba abin da ake naɗe Musulmi da shi. Ragowar alawayyon kuwa ga shi nan tuli, duk launin shayi. Na tsoma wani a ruwan bilic na cuɗa har fatar hannuna ta yi zafi, ya fito rawaya-rawaya kamar tsohon haƙori. Na zauna a ƙasa tsakanin kekuna biyu. Ni na yi da hannuna, da tukunyata, da muciyata. Mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba sai wannan, kuma dariya yake yi da ya roƙa. Na yi kukan da ban yi a asibiti ba, da ƙarfi, ban damu da wa zai ji ba.

Aka ƙwanƙwasa gilas. Amal ce, da tsohuwar jakarta ta makaranta a baya. Ta shigo ta kulle ƙofa, ta durƙusa, ta zaro rigar matashi, ta zaro abin da ke ciki ta ɗora min a cinya.

Fari tas. Na kama gefen, ba yankan almakashi ba ne, yagewa aka yi da hannu.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ranar shayi."

Na ce wa ya sa ta, Yaya ce? Ta girgiza kai. Sai ta yi magana da Hausa, irin Hausar Zango ta ubanta, yarinyar da ko ruwa za ta roƙa da Turanci take roƙa. Ta ce, "Ina wurin, Mama. Da ya faɗa, ina wurin."

Na tashi na wanke hannu, na yi alwala. Ban ɗauko tef ba. Na tsaga, na ja, ya isa har da rawani. Amal ta zura min zare a allura don idona ba ya gani, ta naɗe bakinsa a yatsa za ta ƙulla. Na riƙe hannunta na ce ba a ƙullawa. Ta ce me ya sa? Na ce ban sani ba, miƙo zaren.

Asabar, bayan Azahar

Sun dawo daga maƙabarta. Malam ya aiko a gaya min likkafanin ya yi masa daidai, ba inda ya matse.

Saani bai tafi da rigar kanti ba.